Hannun Rigar Jatau

A zamanin da, a wata ƙasa, an yi wani sarki mai son dara. Kowace kaka yakan sa jakar wuri don gwanaye su kara, amma abin da ya dame shi, ba a taɓa tashi an cinye gwanin fadarsa ba.

Babban gwanin fada shi ne Jatau, wanda ba ya noma, ba ya fatauci, jakar nan ce gonarsa. Gwanintarsa kuwa rabi a ka take, rabi a hannun riga. Da ya ga wasa ya juya masa, sai atishawa ta kama shi, hannun babbar rigarsa ya share gurabun da aka tona a ƙasa, a ce a sake.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bana a bar mini gwanayen nan."

Ranar karawa Jatau ya zauna gaban wani bafatake, wai shi Barmo. Waziri ya ce, "Zafi ya yi yawa. Gwanaye su tuɓe riguna, kada su galabaita."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, mura nake yi."

"Mun sani. Bara ma ta kama ka."

Aka fara. Barmo na jera uku yana ɗauke masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya yi atishawa har idonsa ya yi ja, gurabu ko gezau. Aka cinye shi ƙarƙaf.

Sarki ya ce, "Jaka ta Barmo ce. Amma kai ma iyali gare ka. Ka ce 'an cinye ni' fada ta ji, in ba ka wata daga taskata."

Jatau ya tuna rumbunsa wayam. Ya dubi fadawa, ga su sun miƙo wuya.

Barmo ya ce, "Faɗi mana, babban yaya. Ni a kasuwanni bakwai na faɗe ta, ga ni da ƙibata."

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gaskiya dai... ƙasar nan da danshi."

Sarki ya kau da kai. Waziri ya ce, "Ku ba shi rigarsa. Ita kaɗai ya ci."