Injin da Misbahu Ya Zana wa Matan Sakajiki

Misbahu ɗan ƙanena ne, kuma a hannuna ya tashi. Yaro ne mai kai, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan mutane, salla ba ta wuce shi. Aibinsa guda ne: in dai abu ya fito daga kwamfuta to ya gama yarda da shi, kuma duk wanda bai iya taɓa ta ba, a wurinsa bai san komai ba. Ni sunana Rekiya, a Ƙaura Namoda nike zaune, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka abin da na gani da idona shi zan faɗa.

A shekarun da anka ƙaddamar da Shari'a, wani bawan Allah mai suna Halilu ya rufe gidan kallonsa da ke bayan tasha, ya sa kwamfuta uku a ciki. Samarin da sunka karanta aikin inji sai sunka mai da wurin majalisa. Akwai wata manhaja da suke zanen ƙarfe da ita. Sai ka ga inji a cikin gilashin kwamfuta ana juya shi gaba da baya, ana buɗe cikinsa, alhali ko ƙusa ba a yanka ba. Duk Asabar bayan la'asar suke haɗuwa, har daga Shinkafi da Zurmi ake zuwa.

Halilu kan buga musu takarda guda kowane mako. Samanta labarai ne: wa ya yi aure, wa ya samu aiki a Gusau, wane ne kwamfuta ta cinye masa zane. Ƙasanta kuma shawarwari, kamar a riƙa adana aiki a kai a kai kafin a ɗauke wuta, a riƙa kwafe shi a faifai biyu. Misbahu kan shigo da takardun gida ya yar, ni kuma in naɗe ƙuli da su. Amma kafin in naɗe sai na karanta, a hankali, da yatsa.

Wata rana na ci karo da shawarar Malam Gado. Shi Malam Gado dattijo ne mai walda, bai san inda ake kunna kwamfuta ba, amma duk abin da samarin sunka zana shi ke yanka shi ya haɗa, shi ya sa yake zama majalisarsu. Ga abin da Halilu ya rubuta daga bakinsa: "Kwamfuta ba ta da hannu. A gilashi noti yana shiga ko'ina, don ba wanda zai ɗaure shi. Kafin a yanka ƙarfe a yanka kwali daidai girman injin, a ba wanda zai yi aiki da shi sifana ya sa hannu ya gani."

Na ce, "Misbahu, ka ga wagga magana kuwa?"

Ya karɓa ya duba, ya yi dariya. "Gwaggo, wai mu koma wasan yara da kwali. Shekara huɗu ina karatu don in ƙera motar kara?"

"To ai dattijo ne, ya daɗe da ƙarfe."

"Ya daɗe yana ƙona shi dai. Abin da nike aunawa har rabin milimita, shi da taƙi yake aunawa."

Daga wannan mako bai sake zama majalisar ba. Sai ya je da hantsi, sa'ad da ba kowa, ya yi zanensa ya fito. In Halilu ya aiko masa da takardar mako, ko buɗewa ba ya yi.

Ina da aminiya a Sakajiki, Suwaiba, wurinta nike sayen gyaɗa shekara da shekaru. Ita ke jagorantar mata goma sha ɗaya masu ƴan gonakinsu na gyaɗa. Irin da za su shuka a cikin ɓawonsa suke aje shi, sai ruwa ya kusa sauka su zauna su ɓare da hannu, kwana da kwanaki, yatsu duk su faffashe. Ta yi mini kuka da haka, ni kuma bakina ya riga ni. Na ce, "Ai ɗana yana zana inji. Ku bar mini wannan."

Misbahu ya zana kuwa. Ya kai ni shagon Halilu ya nuna mini. Wani ganga ne ke juyawa a ciki yana murza gyaɗa a kan raga, ƙwaya ta zube ƙasa, iska ta kwashe ɓawo. Ya lulluɓe shi ko'ina da ƙarfe, sumul, ba inda noti ya leƙo. Ni dai na ga kyau, na sa masa albarka.

Da ya kai zanen wurin Malam Gado, ina nan, don na je karɓar kaskon suyata da anka like mini. Dattijon ya daɗe yana duban takardar.

"Injiniya, wanga noti mai ɗaga raga da sauke ta, ta ina za a kai gare shi?"

"Ba sai an kai ba. Na riga na auna tazarar."

"Da wace gyaɗa ka auna? Ta Sakajiki ƙwayarta manya ce hwa, ba irin ta kasuwa ba."

"Baba Gado, kai dai yanka ka like. Tunani na riga na yi shi."

"Ka kawo ta ga majalisa ran Asabar, idanu su yi yawa a kanta. Ko ka bari in buɗe mata ƴar taga nan gefe."

"Ka ƙara ko layi guda, na ɗauke aikin na kai Gusau."

Malam Gado ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Wannan shirun nawa har yau yana damuna. Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya haɗa injin kamar yadda anka zana, bai rage ba bai ƙara ba.

Ruwan farko ya sauka ran Talata. Ran Alhamis munka ɗora injin a a-kori-kura sai Sakajiki, da ni da Misbahu da Malam Gado, wanda ya ce zai bi mu ko don ya ga ɗaurin bel ɗin da ke juya injin. Matan sun fito da irinsu duka, buhu shida, an jera a gindin tsamiya. Maza na gefe guda suna kallo, mata na gefe guda.

Suwaiba ta matso ta ce, "Ɗana, a fara da kwano guda mu gani mana."

Ya ce, "Inna, an riga an gwada."

"A ina?"

"A kwamfuta. Sau ashirin na juya shi."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ita kwamfutar gyaɗar wa ta ɓare?" Mata sunka kwashe da dariya. Na ga kunnen Misbahu ya motsa, na san ransa ya ɓaci. Ya ɗaure buhu a bakin injin tamau, wai kada ƙwaya ta zube ƙasa, ya tayar da shi, ya ce a zuba.

Injin ya yi ta ruri, ɓawo na tashi sama, mata na guɗa. Aikin mako guda yana tafiya kafin a sha ruwa. Buhu na ɗaya ya shige, na biyu ya bi, na uku, na huɗu. Ba wanda ya ga abin da ke fita, don bakin a ɗaure yake. Ni hancina ne ya fara gaya mini. Shekara talatin ina matsar mai, na san ƙamshin gyaɗar da ta fashe. Na ce, "Suwaiba, sa hannu cikin buhun can."

Ta kwance ta ɗebo. Ta buɗe tafin hannunta. Ƙwayar duk ta rabe biyu, wata uku, jar fatar ta saɓule. Kowa a wurin ya san gyaɗar da ta rabe ba ta tsira.

Anka kashe injin. Misbahu ya ce, "Ba komai, ragar ce ta matse. A sauke ta kaɗan, shi ke nan. Baba Gado, ba ni sifana."

Malam Gado ya miƙa masa. Ya durƙusa ya leƙa ta sama, ganga ya tare. Ya kwanta a ƙasa ya zura hannu ta baki, hannun ya tsaya a wuyan hannu. Ya zagaya baya, ƙarfe ne sumul. Yana hangen notin ta ƴar kafa, ga shi nan kusa, tazarar bai fi taƙi ba, amma sifana ba ta shiga. Ya yi ta fama har bayan hannunsa ya kuje, jini ya fito. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Suwaiba ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Rekiya, ke kika ce mu bar miki."

A kasuwa iri ya riga ya ƙare, kowa ya kai nasa gona. Buhu huɗun nan sai dai ƙuli. Saura biyu, kuma ƙasa na shan iska. Matan sunka shimfiɗa tabarmi sunka zauna ɓara da hannu kamar kullum. Na zauna cikinsu. Can sai na ga Misbahu ya jawo kwarya, ya koma gefe shi kaɗai, ya fara ɓara. Kwana biyu munka yi a Sakajiki, bai tashi ba sai salla. Babban yatsansa ya kumbura ya fashe. Ba wadda ta ce masa sannu, ba wadda ta zage shi. Ina jin da zagin sunka yi da ya fi masa sauƙi.

Buhu biyu ne anka raba wa mata goma sha ɗaya. A wannan damina na koma Sakajiki na ga gonar Suwaiba: kunya bakwai na gyaɗa, sauran duk wake ta watsa don kada ƙasa ta zauna banza. Shekara biyu ba ta sayar mini da ko kwano ba.

Asabar ɗin da ta biyo bayan ɓarnar irin, Misbahu ya shigo da kwali da fensir. Ya ce, "Gwaggo, riƙe sifanar nan ki aza hannunki a nan." Ya zagaye hannuna da fensir, har da awarwaro. Da la'asar ya ɗauki kwalin ya tafi majalisa. Halilu ya gaya mini cewa Misbahu a bakin ƙofa ya zauna, wurin takalma, sai da Malam Gado ya ce, "Taso, Injiniya, ba mu da wani wurin zama can." Misbahu ya tashi tsaye ya ba da labarin da bakinsa, bai ɓoye komai ba, ya ce a buga a takardar mako da sunansa.

Hannun nan nawa kuma ya zana shi a kwamfuta, ya kwafe wa kowa a faifai. Sunka sa masa suna Hannun Gwaggo. Duk wanda ya gama zane, daga Ƙaura har Zurmi, sai ya ɗauko shi ya zura a cikin injin ya ga ko zai kai ga kowane noti, sannan a yanka kwali, sannan ƙarfe. Malam Gado ya buɗe wa injin Sakajiki taga a gefe. Da shekara ta zagayo munka mayar da shi, Suwaiba ta ɗebo gyaɗa kwano guda na gwaji ta miƙa wa Misbahu, ya karɓa da hannu biyu. Takardar da anka buga labarin kuwa, ita kaɗai ce ban naɗe ƙuli da ita ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin kwamfuta alheri ne, amma ba ita za ta riƙe sifana ba, kuma ba ita za ta kwana da yunwa in iri ya lalace ba. Kai mai zane, kada ka raina majalisar ƴan'uwanka, kada ka raina shawarar wanda hannunsa ya daɗe a aikin don bai iya abin da ka iya ba. Ka nuna aikinka a duba maka, ka gwada da kaɗan kafin ka zuba dukiyar mutane. Mu kuma manya, in mun ga ɗanmu zai yi kuskure, mu buɗe baki tun a shagon mai walda, kada mu bari sai a gindin tsamiya.