Maganar da Shafi'i Ya Ɓoye wa Mahaifinsa

Akwai wani dattijo a Babura mai sayar da hatsi, ana kiransa Baba Kura. Mutumin kirki ne, amma in ransa ya ɓaci bakinsa ba shi da linzami. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, a gaban 'yan gaisuwa, ya dubi ƙanensa Yakubu ya ce, "Sakacinka ne ya kashe ta."

Yakubu ya kwashe iyalinsa ya koma Gwiwa. Shekara tara ko gaisuwar Sallah ba ta shiga tsakaninsu. Baba Kura ya san shi ne da laifi, kuma abin yana cinsa a rai, girman kai ne dai ya riƙe masa ƙafa.

Da farkon damina ciwon ciki ya kwantar da shi. Babban ɗansa Shafi'i, ma'aikacin gwamnati a Kazaure, ya kai shi wani asibiti a Kano. Shafi'i irin yayyen nan ne da in sun yanke magana a gida, sai dai kowa ya ce to.

Bayan gwaje-gwaje, likita ya kira shi gefe.

"Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa," in ji likitan. "Ba ma sa ran warkewa, sai dai mu rage masa raɗaɗi. Yanzu yana cikin hankalinsa, amma nan gaba ciwon zai iya taɓa tunaninsa har ya daina gane mutane. In yana da abin da yake so ya yi, gara ya yi da wuri. Ka shigo da shi da mai jinyarsa in yi musu bayani a hankali."

"A'a, likita," in ji Shafi'i. "Mu a gidanmu ba a faɗa wa babba irin wannan magana. Fargaba kaɗai sai ta kashe shi."

Likita ya yi ta lallashi, Shafi'i ya kafe. Kada ku ce mugu ne. Sai da ya zagaya bayan asibiti ya yi kuka mai isarsa, sannan ya wanke fuska ya dawo. Amma a ganinsa shi kaɗai ne ke da zuciyar da za ta iya ɗaukar gaskiya.

"Olsa ce, Baba," ya ce. "Magani da hutu kawai."

Haka ya faɗa wa ƙanwarsa Zulaikha, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, jinya kuma ta faɗo kanta. Ita ke dama kunu, ita ke wanke shimfiɗa, ita ke riƙe tsohon in zai zaga. Shafi'i sai ƙarshen mako yake leƙowa da ledar magani da lemo.

Baiwar Allah ta daina sa yaji da tsami a girki, tunda olsa aka ce mata. Duk da haka cikin Baba sai kumbura yake, idanunsa suka koma rawaya. Ta riƙa zargin kanta, tana cewa ko ita ce ba ta iya jinya ba.

"Yaya, don Allah me likitan ya ce? Ni na ga abin gaba yake yi."

"Ke dai ki ba shi magani a kan lokaci. Sauran ki bar mini."

Wata Asabar da hantsi, Baba Kura ya kira Shafi'i ya zaunar da shi a bakin tabarma.

"Ina so in je Gwiwa wajen baffanka. Na cuce shi da bakina, ina so ya yafe mini."

"In kira maka shi a waya, Baba?"

"Ba a neman irin wannan gafara a waya. Wanda ya yi laifi shi ke takawa. Likita ya ce yaushe zan warware?"

Nan ne wurin da ya kamata Shafi'i ya buɗe baki. Mota tana ƙofar gida, tsohon kuma yana iya zama a cikinta. Amma ya dubi fuskar mahaifinsa, ya kasa.

"Zuwa kaka, in Allah ya yarda."

"To, sai kaka. Dama ba na so in je masa a rame haka, ya ce tausayi na zo nema."

Gero bai kai ga nuna ba, wata safiya Zulaikha ta kai masa kunu, ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta rasu tuntuni. Can kuma ya miƙe ba riga, wai zai je ya buɗe rumfa. Ta kira Shafi'i tana kuka, tana tambaya ko jifa aka yi wa Baba.

Da ya iso, a soro ya faɗa mata komai, har da gargaɗin likita. Ba ta yi masa ihu ba. Kallonsa kawai ta yi.

"Wata uku yana cikin hankalinsa, Yaya. Wata uku."

A ranar Shafi'i ya kama hanyar Gwiwa. Ya samu Baffa Yakubu a gona, ya durƙusa ya faɗa masa. Dattijon ya ajiye fartanya, ko gida bai shiga ya sake riga ba.

Da la'asar suka iso. Yakubu ya zauna kusa da yayansa, ya kama hannunsa.

"Yaya, ni ne. Yakubu."

Baba Kura ya dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, malam. Daga ina?"

"Daga Gwiwa, Yaya."

"Gwiwa? Ina da ƙane a can. Na yi masa laifi babba. In na warke zan je da ƙafata." Sannan ya ce, "In ka gan shi kada ka faɗa masa. Ba na jin zai yafe mini."

"Ya yafe," in ji Yakubu, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi ya yafe tuntuni."

"Ba ka san abin da na faɗa masa ba," in ji Baba Kura, ya juya fuskarsa bango.

Kwana huɗu Yakubu yana zaune a gefensa yana maimaita masa. Ko sau ɗaya bai gane shi ba. A rana ta biyar Allah ya karɓi ransa, Yakubu ne ya yi masa wanka.

Shafi'i yana waje. Ya kasa shiga ɗakin.

Darasi: Rai a hannun Allah yake, amma marar lafiya yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki, in yana so ya sani, domin sauran kwanakin nasa ne, ba naka ba. Mai jinya ma a sanar da ita abin da ke tafe, kada a bar ta cikin duhu tana zargin kanta. In bakinka ya yi nauyi, ka kai su gaban likita ya yi musu bayani cikin tausasawa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai gidan da ke jinya yanzu, kuma lokaci bai ƙure musu ba.