Ranar da Majalisa Ta Bi Ruwa da Ƙafa

A zamanin da, tun ana gina ganuwa da hannu, an yi wani Sarki a wani birni mai ƙofa bakwai. Kada ku tambaye ni sunan birnin, don wanda ya ba ni labarin ma da na tambaye shi sai ya kama tari. Sarkin nan adali ne, amma ƙananan ƙararraki sun hana shi sakat. Da safe a zo masa da akuyar da ta ci shanyar wata, da hantsi a zo da rigimar rumfar kasuwa, kafin azahar an gurfanar da wanda ya juya indararonsa cikin gidan maƙwabci. Rannan ya gaji, ya sa aka yi shela cewa ya naɗa majalisar gari, mutum goma sha biyu. Su zauna kowace Laraba a zauren Waziri su yanke irin waɗannan. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci a karanta masa abin da suka yanke, in ya ce to, ya zauna.

Majalisa ta kama aiki, kuma a yi musu adalci, sun yi aiki. Su suka sa aka yashe rijiyar masallaci kafin bazara. Su suka mayar da mahauta bayan ganuwa, suka hana ɗaure jakuna a bakin ƙofar gari, suka daidaita mudun kasuwa ya zama ɗaya. Jama'a na ta sa musu albarka.

Sai dai zaman nasu yana da wata al'ada. Waziri Barmo shi ne mai zaure, ba ya faɗin ra'ayi, nasa ya kawo magana ya kuma rufe ta. Galadima ke fara cewa wani abu, sannan a bi girma girma har a sauko kan na bakin ƙofa. To, a garin nan ƙarami ba ya warware maganar babba a gaban mutane. Saboda haka in Galadima ya faɗa, sauran sai ka ji, "Haka ne, mun bi." Wanda ya so ya nuna ya yi tunani mai zurfi sai ya ƙara da "ƙwarai".

Na bakin ƙofar nan, wanda ke zama tsakiyar takalman manya, shi ne Nomau, Sarkin Shara. Sauran duk a kan doki suke zuwa, ƙafarsu ba ta san ƙasa ba sai darduma. Shi kuwa shekara ashirin yana taka garin nan lungu lungu da masu tsintsiyarsa. Gidansa na Unguwar Gangare, can ƙasan gari, inda magina tukwane suke, gida arba'in.

Wata Laraba ana saura wata guda damina ta faɗi, Galadima ya kawo kuka. A bayan gidansa akwai wani ƙaton kududdufi, ramin da aka ɗebi ƙasar ganuwa tun kakanni.

Galadima ya ce, "Waziri, ramin nan ya ishe mu. Wari ya hana mu cin tuwo, sauro ya hana mu zaman tsakar gida, kwaɗi kuwa in suka fara ko kiran salla ba ma ji. A cike shi kafin ruwa ya sauka, a yi filin sayar da hatsi a wurin."

"Haka ne, mun bi."

"Haka ne ƙwarai, mun bi."

Magana ta yi ta gangarowa tana dosar Nomau. Shi ya san duk ruwan saman da ke sauka a tudun gari cikin ramin nan yake zuba. In an cike shi, ruwan Gangare zai nufa, kuma gidajen Gangare na laka ne. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya haɗa ido da Galadima. Ya tuna rawanin kansa, ya tuna bakuna tara da ke jiransa a gida. Sai "mun bi" ta fito da kanta kamar shaƙuwa.

Waziri ya ce, "Magana ta zauna. Sarkin Shara, aikin ciko naka ne."

Nomau ya koma gida ya zauna a dakali, aka kawo fura ya kasa sha. Maƙwabciyarsa Iya Tabawa, tsohuwar maginiya wadda ta goya shi yana jariri, tana jera ɗanyun tukwane a rana. Ta dube shi ta ce, "Kai Nomau, wa ya mutu?"

Ya ce, "Mu ne, Iya, sai dai ba a sanar ba tukuna." Ya kwashe duka ya gaya mata.

"Kai kuma me ka ce musu?"

"Na ce mun bi."

"Ka bi! Bakin da ka ishi unguwa da shi kan ɓawon rake, can ka bar shi a cikin takalma?"

"Iya, Galadima ne fa."

Tsohuwa ta goge lakar hannunta a zani. Can ta ce, "Ba an ce duk hukuncin da aka yanke, unguwar da abin ya shafa takan je fada godiya ran Juma'a ba? To, mu abin ya shafa. Za mu je godiya."

Ran Juma'a fada ta cika. Aka karanta hukuncin majalisa, Sarki na shirin cewa to, sai ga Iya Tabawa da mata huɗu, ta ɗauko sabon tulu ta ajiye, ta durƙusa.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Mu ne mutanen Gangare, mun zo godiya. An yanke tun da sauran lokaci, ba a yi mana ba-zata ba, Allah ya saka wa majalisa. Roƙonmu ɗaya ne. A gaya mana ranar da za a gama cikon, mu cire azarar ɗakunanmu da ƙyamare tun suna da amfani. In kuma akwai wani fili a tudu, a ara mana mu kafa bukkoki."

Sarki ya ce, "Iya, me ya haɗa kududdufin Galadima da azarar ɗakinki?"

"Ranka ya daɗe, ni tukwane na sani. In na toshe bakin tulu na zuba ruwa, ban taɓa ganin ya koma sama ba, gefe yake bi. Amma manya sun fi ni sanin inda zai bi, tunda sun yanke."

Sarki ya juya ga majalisa ya ce, "To, ga tambaya. Ruwan da ramin nan yake sha duk shekara, in kun rufe masa baki, wa zai sha?"

Galadima ya gyara alkyabba ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ta Ƙofar Yamma zai fita ya faɗa rafi. Kowa ya san haka."

"Haka ne, mun bi." Aka yi ta bi har bakin ƙofa. Iya Tabawa ta zuba wa Nomau harara, shi kuma ya sunkuya ya ce "mun bi" da muryar da ko sauron Galadima ya fi ta ƙarfi.

Waziri Barmo ya ga gumin da ke tsiyaya daga ƙarƙashin rawanin Nomau, ya gane akwai magana. Ya kuma san in ya tsare shi da tambaya a nan, ɗayan biyu ne, ko Nomau ya yi ƙarya, ko Galadima ya ji kunya a gaban Sarki ya riƙe talaka a zuci har abada. Sai ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Zaki, tunda majalisa ta ce Ƙofar Yamma, ya kamata mu raka ruwan nan mu gani ko ƙofar na son gyara kafin damina. A toshe mashigar ramin da laka na yini guda. A tara 'yan ga-ruwa na gari duka, su juye tulu ɗari uku a tudun kasuwa, a watsa ƙaiƙayi a kai don mu ga inda ya nufa. Sai dai da ƙafa za mu bi, kofaton doki zai ɓata sawun."

Sarki ya ce a yi haka.

Washegari da hantsi gari ya fito kallo. Aka juye ruwa, ya taru, ya kama gangara da ƙaiƙayi a bayansa. Manya suka tsaya cirko-cirko suna duban caɓi, kowa ya tattare riga.

Waziri ya ce, "Galadima, kai ka fi mu sanin al'ada. In hanya ta yi taɓo, wa ke shiga gaba?"

Galadima ya ce da sauri, "Ƙarami mana! Ya taka wa manya su ga inda ƙasa ke da ƙarfi."

"Gaskiyarka. Sarkin Shara, shiga gaba. Kuma ka riƙa faɗa mana abin da ke tafe tun kafin mu isa, kada babba ya zame a ce laifinka ne."

Aka jeru, Nomau a gaba, Galadima can a ƙarshe. Da suka doshi mararrabar maƙera, inda hanyar Ƙofar Yamma ta yi dama, Waziri ya ɗaga murya, "Na gaba, ina za mu?"

Yanzu fa babu wanda ya riga shi magana, balle ya bi. Nomau ya ce, "Hagu, ranka ya daɗe. Hanyar Yamma tana da ɗan tudu a gindin tsamiya, ido ba ya ganinsa, sai ƙafa."

Bai rufe baki ba ruwa ya zo gindin tsamiya, ya yi ɗan jim kamar mai gaisuwa, ya juya wa Ƙofar Yamma baya ya yi hagu. Sarkin Kasuwa da ke bayan Nomau, da yake baki ya saba, sai ya ce, "Haka ne, mun bi." Na bayansa ma ya ce haka. Magana ta yi ta hawa sama har ta isa kan Galadima. Shi dai yana can yana fama da takalminsa da taɓo ya riƙe.

Daga nan bakin Nomau ya buɗe. "Zai shiga lungun masaƙa. A nan zai rabu biyu ya sake haɗuwa. A yi hankali, akwai santsi." Sarkin Fawa bai yi hankali ba, ya zauna daɓas, yara suka yi ta dariya har dogari ya kore su yana dariyar shi ma. Duk inda Nomau ya nuna, nan ruwa ya bi, har ya gangara Gangare, ya shiga zauren Iya Tabawa, ya kwanta a gindin ɗanyun tukwanenta uku suka narke.

Nomau ya dafa bangon zauren daidai gwiwarsa, inda aka yi wani tsohon yaɓe. Ya ce, "Shekarar da ramin ya cika ya tumbatsa, nan ruwa ya kawo. Wannan ragowar da ya kasa shanyewa ce kawai."

Galadima ya iso da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi bangon, ya dubi tukwanen, ya dubi matan da suka fito da goyo suna kallonsa.

Ya ce, "Sarkin Shara, ka san wannan tun ran Laraba?"

"Tun shekara ashirin, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kafin magana ta iso bakin ƙofa an gama ta, ranka ya daɗe. Ba a rage mini komai sai mun bi."

Iya Tabawa ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a buta ta ce, "Galadima, zauna a wanke ƙafa. Yau dai ka zo unguwarmu, mun gode."

Galadima ya zauna, ya sauke numfashi ya ce, "Iya, da na kashe muku gidaje ban sani ba. Amma warin nan fa? Ni ma mutane ne a gidana."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwan ne ke wari ba, sharar da ake zubawa ce. Yawancinta kuma ta wata ƙofar baya take fitowa."

"Ƙofar wa?"

Waziri ya kama tari. Nomau ya dubi ƙasa ya ce, "Ƙofa ce mai girma, ranka ya daɗe."

Galadima ya yi sororo, sannan ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Allah ya shirye ka, Nomau. A biya tsohuwa tukwanenta daga gidana."

Da aka koma fada, Galadima da kansa ya roƙi Sarki a warware hukuncin. Sarki ya yanke cewa ba za a cike kududdufi ba, yashe shi za a yi a ƙara masa zurfi. Juji ya koma bayan ganuwa, manoma su riƙa kwasa suna kai wa gona. Sannan ya ce daga yau magana a majalisa daga bakin ƙofa za ta fara ta hau sama, don babba ya ji ta kowa kafin ya faɗi tasa. Ya ce wa Nomau ya roƙi abin da yake so. Mutumin naku, maimakon ya ce doki, sai ya ce kwanduna ashirin da sababbin tsintsiya. Matarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ramin ya sha ruwansa ya ƙoshi, Gangare ko bango ɗaya bai faɗi ba, gidan Galadima kuma aka koma cin tuwo a tsakar gida. Kwaɗi ne kawai ba a samo musu hukunci ba. Ran wata Juma'a matan Gangare suka koma fada da tulu goma sha biyu, kowane ɗan majalisa ɗaya, wannan karon ba su roƙi komai ba. Allah ya saka wa masu zaman irin wannan majalisa, da masu yashe magudana waɗanda ba a yi musu kiɗa.

Laraba ta farko bayan sabuwar doka, Waziri ya kawo maganar inda za a mayar da masu suyar ƙosai, ya ce, "Sarkin Shara, bismilla." Nomau ya waiga bayansa don ya ji wa zai bi, bai ga kowa ba sai takalma. Ya yi gyaran murya ya fara. Maganar shekara ashirin ce a cikinsa, bai tsaya ba sai da ladan ya kira azahar. Sauran suka faɗi nasu, wasu suka yarda, wasu suka ja. Da aka iso kan Galadima, ya shafa gemu ya dubi bakin ƙofa ya ce, "Haka ne, Sarkin Shara. Mun bi."