Makulli Ɗaya a Gidan Malam Ilu Mai Wake

Wannan labari wani dattijo mai awon hatsi ne ya ba mu shi a rumfarsa, kuma har aka kira la'asar ba mu daina musu a kai ba. Ni dai duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci, don tsohuwar da abin ya faɗa wa ba ta yi wa kowa komai ba. Ku saurara, ku ma ku faɗi naku.

A wani gari an yi wani mai sayar da hatsi, Malam Ilu, wanda ya gina sito a jere a bayan gidansa, ɗakin wake daban, na gero daban, na gyaɗa daban. Kowane ɗaki da kwaɗonsa, kowane kwaɗo da makullinsa, duk a ɗaure a zobe guda mai nauyi. Yana da wata al'ada da bai taɓa zama ya bayyana wa kowa ba. In ya sa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin wake, irin wadda tururinta ke kashe mutum in ya shaƙa, sai ya liƙe tagar baya da laka, ya kulle ƙofa, ya zare makullin ɗakin daga zobe ya jefa a aljihu. Ba zai mayar ba sai maganin ya gama aiki an buɗe ɗakin ya sha iska. Don haka kowa a gidan ya tashi da sanin abu ɗaya: in ka ga makulli a zobe, shiga abinka, in ba ka gan shi ba, kada ka nema.

Da Malam Ilu ya rasu, zoben ya koma hannun matarsa, Inna Azumi, sana'ar kuma ta koma hannun 'ya'yansu uku: Sallau babba, Mati mai bi masa, da autarsu Kyauta.

Sallau shi ya fara taɓa tsarin. Ya gaji da ganin babbar mota tsaye a ƙofar gida, dillalai na tsaki, ana jiran Inna ta idar da salla ta lalubo makulli, a gwada wannan a gwada wancan. Wata rana kuma hayaƙi ya tashi a ɗakin gyaɗa, kafin a gano makullinsa buhuna sun ci wuta. Sai ya je birni ya sayo kwaɗuna iri ɗaya waɗanda makulli guda ke buɗe su duka, ya cire tsofaffin ya sayar wa masu sayen ƙarfe. Makullan biyu ne, ya riƙe ɗaya, ya ba Mati ɗaya. Aiki ya yi sauri, wannan kam ba mai musu. Amma bai tsaya ya tambayi kansa abin da tsohon zoben yake yi ban da buɗe ƙofa ba, bai kuma ga cewa ya bar uwarsa hannu wofi a gidan mijinta ba.

Kyauta ita ta ga wannan, kuma abin ya ƙona mata rai. Ta zo gida wata safiya ta tarar da Inna zaune da ƙwarya a cinya, tana jiran Mati ya dawo daga kasuwa ya buɗe mata ta ɗebi gero.

Ta ce, "Inna, ke da gidanki sai kin jira yaron da kika goya ya ba ki izini?"

Inna ta ce, "Bar su, 'yar nan. Sun ce zamani ne."

Kyauta ba ta bari ba. Ta ari makullin Mati da sunan za ta ɗebi gyaɗa, ta zagaya wajen mai yankan makulli ya yanka mata irinsa, ta ɗaure wa Inna a bakin zane. Ba ta gaya wa yayyenta ba, don ta san Sallau zai ce an raina shi, a kwana ana faɗa. Ta mayar wa uwarta mutuncinta, amma ta sa gidan ya zama da makulli uku alhali maza biyun suna lissafin biyu.

Mati kuwa shi ne ya fi kowa riƙo da koyarwar ubansu. Da ya ga ƙwari sun fara huda wake, kuma Sallau ya tafi kudu da kaya, makullinsa a jikinsa, sai ya yi yadda ya ga ana yi tun yana ƙarami. Ya sa ƙwayoyin a tsakanin buhuna, ya liƙe tagar baya da laka, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi kasuwar ƙauye hankalinsa kwance. Bai gaya wa kowa ba, bai sa alama a ƙofa ba, don ubansu bai taɓa yin ko ɗaya ba. Ya ceci waken gida daga ƙwari, amma ya bi tsohuwar al'ada a kan sabon kwaɗo.

Washegari da hantsi Inna ta yi sha'awar alale. Ta kwance makulli daga bakin zane, ta sa a kwaɗon ɗakin wake, ya buɗe. A iya zamanta a gidan nan, ƙofar da ta buɗu ba ta taɓa cutar da ita ba. Ga mura ta toshe mata hanci, ba ta ji warin maganin ba. Ta shiga, ta janyo ƙofar don kada awaki su biyo ta, ta zauna a kan buhu tana ɗiba tana tsincewa.

Takalman Inna Kyauta ta gani a bakin ƙofa, ta buɗe ta tarar da ita kwance a sume. Ta ja ta waje, maƙwabta suka kai ta asibiti. Ta rayu, amma ƙirjinta bai koma daidai ba. Matar da take share tsakar gida ta daka fura da kanta, yanzu daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta dafa bango ta huta.

Da aka sallamo ta, ƙanen marigayi, Baffa Na'iya, ya tara su uku a zaure.

Sallau ya dubi Kyauta ya ce, "Makulli biyu na bari a gidan nan. Wa ya aike ki ki haifo na uku? Da ba ki yi satar hanya ba, da Inna na nan lafiyarta ƙalau."

Kyauta ta ce, "Yaya, satar hanya? Kai da ka ƙwace wa uwarka makullan mijinta ka sayar a kilo? Da ka bar mata zobenta, da ba ta ga na ɗakin wake a ciki ba, da ta haƙura da alalen. Shi kuma wannan da ya zuba guba ya kama hanya, bakinsa ciwo yake yi?"

Mati ya ce, "Ni abin da Baba yake yi na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya yana kudu da nasa, nawa yana aljihuna. Aljani zan yi wa shela?"

"Da ka yi wa Inna," in ji Kyauta. "Tana tsakar gida ka wuce da kwanon laka."

"Ke kuma kina da baki lokacin da kika ari makullina," in ji Mati.

Baffa ya bar su har suka gaji. Sannan ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne babu wanda ya ce a yafe masa, kowa lauya ya zama. Ya karɓe makullan uku ya ajiye a gabansa a kan tabarma, ya ce wanda ya fi laifi a cikinsu hannunsa ya fita daga siton nan, ba zai ƙara riƙe makullinsa ba. Ya shiga ciki ya tambayi Inna wanda za ta nuna. Ta daɗe tana neman numfashi, sannan ta ce, "Na'iya, duk ni na haife su." Ta juya fuskarta bango.

Hukuncin ya dawo kan Baffa, ni kuma na kawo muku shi. Sallau ya sa makulli ɗaya ga kowace ƙofa don aiki ya yi sauri, ya rushe gargaɗin da gidan ya dogara da shi. Kyauta ta yanka na uku a ɓoye don uwarta ta daina roƙo a gidanta. Mati ya zuba magani ya yi shiru, yana ganin aljihunsa ya isa tsaro. Da ɗayansu bai yi nasa ba, da ƙofar nan ba ta cuci tsohuwa ba.

To, in ku ne zaune a kan tabarmar Baffa Na'iya, wa za ku hana makulli a cikin su uku?