Gurbin da Aka Bari a Hawa na Biyu

Akwai wata mata a garinmu na Taiping, a nan zan kira ta Puan Zaleha, wato Uwargida Zaleha. Na sauya sunan duk wanda ke cikin labarin, don haka kada wani ya biyo ni ta saƙo yana tambaya ko wance ce. Ba a san wannan shafi da tonon asiri ba.

Puan Zaleha mace ce mai tsafta, mai son a yaba mata. Ta yi aikin ofis har ta ajiye da mutuncinta. 'Yarta guda ce, Nadhirah. Yarinyar ta daidaita da wani saurayi, iyayensa suka aiko cewa za su zo ganin gida rana ta uku ga Ƙaramar Sallah. A irin wannan ziyara ake duba inda yarinya ta fito, kafin a buɗe baki a nemi aurenta.

Uban saurayin, Tuan Haji Baharom, tsohon shugaban makarantar horon malamai ne. A ƙarshen saƙonsa ya ƙara da cewa, "A gaya wa Puan ina ɗokin ganin littattafan gidan."

Wannan magana ita ta hana Puan Zaleha sukuni.

Littattafai kam akwai su. Na mahaifinta ne, marigayi Cikgu Mokhtar, wato Malam Mokhtar, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a firamare. Suna jere a wata tsohuwar kanta a kusurwar falo. Takardunsu sun yi ja, an lulluɓe bangon wasu da tsohuwar kalanda, duk suna ƙanshin kanumfari.

Cikgu yana da tsarinsa. Ba ya jera littafi bisa launi ko girma, bisa tsawon mai karatu yake jerawa. Hawa na ƙasa na ƙananan yara ne, na biyu na waɗanda suka ɗan tasa, haka har sama inda Alƙur'ani da littattafan addini suke. In yaro ya ari littafi, sai ya rubuta sunansa a jikin siririn katako ya soka a gurbin, har ranar da littafin zai dawo. Wasu katakan sun shekara da shekaru a wurin.

Puan Zaleha ta tsaya gaban kantar ta riƙe ƙugu.

"Abang, dubi wannan tarkace," ta ce wa mijinta, Encik Rosli. "Mutumin da ya shugabanci makaranta guda zai shigo ya tarar da wannan?"

"Littattafai ya ce, Leha," in ji shi daga bayan jarida. "Bai ce shagon kayan ado ba."

"Kai dai ci gaba da jaridarka."

Ta yi kwanaki tana duba hotunan falon mutane a waya. Ta kira kafinta ya ƙera mata farar kanta tun daga ƙasa har rufi. Ta je shagon tsofaffin littattafai inda ake sayarwa bisa awo, ta riƙa zaɓe da ido, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Launin baya kawai take dubawa.

Gaskiya ta iya jeri, wannan ba za a hana ta ba. Shuɗaye layi guda, farare layi guda, jajaye a tsakiya. Wasu ta kwantar da su uku-uku ta ɗora butar tagulla a kai. Ta sa shuka mai zubo da ganye a saman, ta jingina hoton Nadhirah na ranar gama karatu inda ido zai fara sauka. Littattafan addini kaɗai ta bari na mahaifinta, can sama. Sauran ta zuba a kwalaye ta ajiye a bakin ƙofa, tana jiran mai motar da ke zagayawa yana sayen tsofaffin jaridu.

Ana saura mako biyu Sallah sai ga babbar yayarta, Kak Long Sepiah, a kan tsohon babur ɗinta. Sepiah ba ta yi nisa a karatu ba. Shinkafar kwakwa take sayarwa a bakin titi, wadda ake naɗewa a ganyen ayaba da takarda. Ta tsaya kan kwalayen ta daɗe.

"Leha, na Ayah ne waɗannan?" ta tambaya, tana nufin mahaifinsu.

"Nasa ne. Sun gama aikinsu."

"Har da katakan?"

"Waɗancan ƙiraren? Suna ciki."

Sepiah ta shiga falo ta ɗaga kai tana kallon sabuwar kantar. Ta zura hannu ta bayanta, hannun bai shiga ba.

"Ta yi kyau. Amma kin manna ta da bango. A Taiping, inda ruwa ke sauka kusan kullum bayan azahar? Ki ja ta baya kaɗan iska ta ratsa. Ki watsa kanumfari da busasshen ganyen pandan mai ƙamshi, kamar yadda Ayah ke yi."

Puan Zaleha ta yi dariya. "Kak Long, falo ne fa, ba tukunyar naman rendang ba. Ki bar wa masu abu abinsu. In kwalayen ne suka tsaya miki a rai ki kwashe, ko ba komai kya samu na naɗe shinkafa."

Sepiah ta fita bakin ƙofa. Ta ɗaure kwali ɗaya a bayan babur. Sawu biyar ta yi da azumi a bakinta, na ƙarshe hadari ya riga ya haɗo. Tsohuwar kantar kuma ta roƙi kafintan ya sauke mata a gida.

Rana ta uku ga Sallah gida ya ɗauki ƙamshi. An jera ketupat, wato dunƙulen shinkafa a ganyen kwakwa, da rendang da kayan zaƙi kala-kala. Sepiah ce ta yi girkin tun safe, amma Puan Zaleha ta ce mata, "Kak Long, ki riƙe mana kicin, falon ya yi mana kaɗan."

Baƙi suka iso, saurayin da iyayensa, aka gaisa, aka nemi gafarar juna kamar yadda aka saba a Sallah. Tuan Haji Baharom dogo ne mai furfura, yana rungume da wani ɗan ƙunshi a cikin ƙyallen batik. Ko shayi bai taɓa ba ya miƙe ya nufi kantar. Zuciyar Puan Zaleha ta yi fari.

"Masha Allah," ya ce. "Kamar bakan gizo."

Ya kama wani shuɗin littafi ya ja. Littafin ya fito tare da na kusa da shi, danshi ya manne su. Bayansu duk funfuna, har ta yi wa farar kantar tabo. Ya raba su a hankali, ya gyara tabarau, ya duba na farko, ya duba na biyu, sannan ya bi layin da yatsa.

"Ashe Puan na sha'awar gyaran injin jirgin ruwa. Na ga guda biyar, duk iri ɗaya."

Encik Rosli ya yi gyaran murya. "Ƙwarai, Tuan Haji. Ita da ko tukunyar gas ni ke sauya mata."

Aka yi 'yar dariya. Puan Zaleha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma dattijon ba don ya ci fuskarta ya yi maganar ba. Ya mayar da littattafan, ya zauna, ya kwance ƙunshinsa. Wani ɗan ƙaramin littafi ne mai hotunan tsuntsaye, an lulluɓe bangonsa da tsohuwar kalanda.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce. "Ina da shekara goma na are shi a wurin Cikgu Mokhtar. Mahaifina leburan haƙar kuza ne, ba mu da takarda ko ɗaya a gida. Aka rufe wurin aikinsu, muka bar garin nan cikin gaggawa, littafin na cikin jakata. Kunya ta hana ni dawowa, da na yi niyya kuma na ji Cikgu ya rasu. Shekara hamsin da ɗaya ke nan. Ranar da ɗana ya faɗi sunan kakan yarinyar nan, na ce masa na yarda tun ban gan ta ba."

Ya dubi Puan Zaleha. "Na zo ne in mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Suna ina?"

Nadhirah, wadda ke tsaye bakin labule, ta zuba wa mahaifiyarta ido.

Puan Zaleha ba ta ma san ko littattafan na nan ba. Ita da bakinta ta ce a naɗe shinkafa da su. Ƙarya ta zo mata har kan harshe, ta ce ambaliya ce, ko gara. In ta faɗi gaskiya, me mutumin nan zai ɗauka game da gidan da ya zubar da abin da shi ya adana rabin ƙarni? Auren 'yarta ne a kan wannan amsa.

Sai ga Sepiah ta fito daga kicin da faranti a hannu.

"Suna wurina, Tuan Haji," ta ce. "Ƙanwata ce ta ba ni ajiyarsu, saboda bangon nan na tsattsafo da ruwa."

Ta ajiye farantin ta juya za ta koma. An rufa asiri, magana ta ƙare. Puan Zaleha ta dubi hannuwan yayarta, duk ƙunar murhu.

"Tsaya, Kak Long," ta ce. "Tuan Haji, ba haka aka yi ba. Zubar da su na yi, don na ga sun tsufa, za su ba ni kunya a gabanka. Waɗannan da ka gani bisa awo na sayo su, ban karanta ko shafi ba. Wannan ita ce babbar 'yar Cikgu Mokhtar, ita ta kwashe su a babur. Ni kuma na ɓoye ta a kicin."

Tuan Haji ya juya ɗan littafin a hannunsa. Can ya yi murmushi.

"Puan, mutumin da ya riƙe littafin aro shekara hamsin da ɗaya ba shi da bakin yi wa kowa faɗa. Gidan da ake faɗin gaskiya irin wannan a gaban baƙi, ni dai ya yi mini. Kak Long, ko za ki kai mu?"

Haka aka fita, babur ɗin Sepiah a gaba, motoci biyu na bin ta a hankali, Encik Rosli riƙe da tukunyar rendang a cinya don ya ce ba za a bar ta ita kaɗai ba.

Gidan Sepiah na katako ne, ɗaki biyu. Tsohuwar kantar na tsaye a barandar ciki, an ja ta taƙi guda daga bango. Ƙanshin kanumfari ya tarbe su tun daga matakala. Komai na inda Cikgu ya saba sa shi. Akwai ma sababbin katakai uku masu ɗanyen rubutu, na 'ya'yan maƙwabta.

Sepiah ta nuna hawa na biyu. A tsakanin littattafai biyu masu bango iri ɗaya akwai siririn katako da ya yi baƙi don tsufa. Rubutun ya dusashe amma yana karantuwa: Baharom.

Dattijon ya cire tabarau ya goge ido. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zare katakon, ya tura littafin. Ya shige daidai.

"Ranar da na ɗauke shi ko sunkuyawa ban yi ba," ya ce. "Yau ga shi sai an taimake ni in tashi."

"Ka makara dai, Tuan Haji," in ji Sepiah. "Ayah mako biyu yake bayarwa."

Aka fashe da dariya, har matar Tuan Haji na share hawaye. A nan kan tabarmar Sepiah aka buɗe tukunya, a nan aka nemi auren Nadhirah, a nan aka bayar.

Bayan Sallah Puan Zaleha ta sa aka ja farar kantar daga bango. Ta wanke funfunar da hannunta, ta watsa kanumfari. Butar tagulla da shukar suna nan, don ado ba laifi ba ne. Littattafan injin jirgi kuwa mai motar tsofaffin jaridu ya tafi da su. Ba ta nemi a dawo mata da na mahaifinta ba. Ta je gidan yayarta da yamma, ta zauna gaban kantar, ta zaro littafin tsuntsayen.

"Kak Long, a ba ni aro."

Sepiah ta ɗauko sabon katako da alƙalami, ta rubuta Leha, ta soka a gurbin.

"Mako biyu," ta ce. "In kika wuce, zan biyo ki da babur."

Darasi: Ki ƙawata kantarki yadda kike so, amma kada ki zubar da abin da ya gina gidanku don ki burge baƙo, kuma kada ki raina wanda ya fi ki sanin darajarsa don kawai kin fi shi takardar makaranta. Mai haƙuri da kika tura kicin, wataƙila shi zai rufa miki asiri a falo, kuma gaskiyar da kike tsoro ita za ta ɗaga ki. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, musamman wanda kuka san akwai littafin aro a hannunsa.