Farin Ƙyallen da Cindo Magini Ya Sa a Littafin Malam

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, sunansa Cindo. Ku saurara da kyau, jama'a, don wanda zan ba ku labarinsa ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Magini ne, wani bawan Allah da kullum za ka gan shi da laka har gwiwa. Karatunsa bai wuce 'yan surorin da yake salla da su ba. In ka miƙa masa takarda, sai ya riƙe ta a juye yana gyaɗa kai.

Maƙwabcinsa kuwa, Malam Zubairu, malami ne mai littattafai, mai ba da magani, ga shi da zafin rai. Da niyyar hajji ta kama shi, sai ya kira Cindo ya ce, "Cindo, ga amana. Gafaka goma sha ɗaya. In na bar wa ɗalibaina, aro zai cinye su. Kai kuwa ba ka karatu, ba abin da zai kai hannunka ciki. Ka ga wannan mai jar fatar? Littafin magani ne, rubutun hannun mahaifina, babu irinsa ko'ina. Shi ne idona."

Cindo ya ce, "Allah gafarta Malam, yadda ka bar su haka za ka same su, in Allah Ya so."

To, ku yaran yanzu ba ku san littafin zamanin da ba. Ba ɗinki, ba lamba. Takardu ne warwara, ɗaya bisa ɗaya, a tsakanin fatu biyu masu tauri, a zura cikin jakar fata da ake kira gafaka. Ku riƙe wannan.

Malam ya tafi. Cindo ya dubi gafakokin nan jibge a ƙuryar ɗakinsa, ya dubi bango, ya ga hanyar gara, sai hankalinsa ya tashi. Washegari ya kwaɓa ƙasa. Ya gina ɗan ɗaki a bayan rumbu, ya ɗaga daɓensa sama yadda ruwa ba zai shiga ba, ya zuba toka a gindin bango saboda gara. Ya fafe alkuki goma sha ɗaya a jikin bangon, kowace gafaka da nata, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, mai jar fatar kuwa a tsakiya, daidai ƙirjin mutum. Ya buɗe 'yar taga can sama inda akuya ba za ta leƙo ba. Ya shimfiɗa buzu guda. Fitila kuwa ya ce har abada ba za ta shiga ɗakin nan ba.

Matarsa Tabawa ta leƙa ta ce, "Maigida, ka gina wa takardu ɗakin da ya fi namu. Mu da damina ana ɗiga mana, su suna kwance a bushe!"

Ya ce, "Mu masu gida ne, Tabawa. Su baƙi ne."

Daga nan ɗakin ya shiga ransa. Kullum bayan la'asar sai ya wanke hannu fes, ya shiga ya zauna a kan buzun. Ba ya buɗe komai. Zama kawai yake yi. Haske ya zubo ta 'yar tagar, ya sauka a kan gafaka ɗaya, ya matsa a hankali zuwa ta kusa da ita. Ga ƙanshin tsohuwar fata, ga na tawada. Kukan jaki da dakan mata sai su yi nisa, su yi nisa, har ya daina jin su. Wani lokaci sai ya ga kamar bangon ya ja da baya, ga Malam can bisa raƙumi, ga tekun da ake faɗa, wanda shi a ransa wani ƙaton kududdufi ne da ba a ganin ƙarshensa. Wani lokaci kuma ya ji kamar mutanen da suka rubuta takardun nan suna zaune tare da shi, kowa a alkukinsa. Yana son wannan zama ƙwarai, ko da yake bai san sunan abin da yake ji ba.

Haka shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. A ta huɗu aka yi damina mai nauyi. Da kaka ta yi, Cindo ya sunsuna mai jar fatar, ya ji warin danshi. Ya ce wannan sai ta sha iska. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya zaro littafin, ya ɗaga fatar sama, ya juya zai ɗauko dutsen da zai danne.

Juyawar nan da ya yi, jama'a, juyawar nan kawai! Sai ga guguwa ta shigo ta kan danga. Ta ɗebe takardun nan ta yi sama da su, suna juyi fari fat a kan gidan, shi kuwa yana tsaye da dutse a hannu, baki buɗe. Wasu suka sauka kan rumbu, wasu cikin ƙaya, wasu a gidan maƙwabta. Shi da Tabawa suka yini suna tsinta. Suka tara a ƙwarya, ta farko ta koma tsakiya, ta tsakiya ba a san inda take ba. Cindo ya zauna a ƙofar ɗakin ya yi kuka irin na yara.

Tabawa ce ta lura. Tana jujjuya wata takarda sai ta ce, "Maigida, dubi wannan 'yar kalmar da ke zaune ita kaɗai a kusurwar ƙasa. Ga mai kama da ita can a saman waccan." Ashe haka masu rubutu a da suke yi: kalmar da za ta buɗe takarda ta gaba, sai su ajiye ta a gindin wadda ta gabace ta, don kada littafi ya rikice.

Cindo bai iya karatu ba, amma yana da idon magini. Ya share daɓen ɗakin, ya jera takardun, kowace da ɗan dutsenta a kai. Ya ɗauki guda, ya kalli 'yar kalmar har siffarta ta zauna masa, mai wutsiya ce ko mai ciki, ɗigonta nawa, sannan ya bi layi yana neman 'yar'uwarta. Wata kalmar sai ya samo mata 'yan'uwa biyar, sai ya koma duban tabon ruwa a gefe da kaurin tawada. Wata rana ya haɗa uku, wata rana ko ɗaya. Tun kaka yake abu ɗaya har aka fara jin ƙanshin ruwan bazara.

Littafi ya haɗu, sai wuri guda. 'Yar kalma ɗaya ta rasa 'yar'uwa. Takarda ɗaya babu ita. Ya koma ƙaya, ya leƙa rijiya, ya hau kan rumbu. Babu.

Ku saurara, nan ne wurin.

Tabawa ta ce, "Maigida, ka san halin Malam. Zai tara maka gari, a ce Cindo ya ci amana, ba mai sake ba ka ko ajiyar tsintsiya. Ka ɗan gutsure kusurwar nan mai kalmar. Takardu nawa gara ta ci wa kusurwa tun kafin su zo hannunka? Ka haɗe, wa zai sani?"

Kada ku zagi Tabawa. Mijinta take ji wa, kuma dabarar tata za ta yi aiki. Cindo ya riƙe kusurwar da yatsu biyu. Abu ne da bai kai farce ba. Ya daɗe a haka, zuciyarsa tana ce masa gutsure, gutsure. Can sai ya saki. Ya ce, "Ba ni farin ƙyalle."

Ya yanka ƙyallen daidai faɗin takarda, ya shimfiɗa a gurbin wadda ta ɓata, ya bar bakinsa ya leƙo waje yadda duk wanda ya zaro littafin shi zai fara gani. Tabawa ta ce, "Ka tona wa kanka asiri da hannunka." Ya ce, "Na sani."

Shekara uku yana zama a ɗakin nan da wannan a ransa. A ta bakwai Malam Zubairu ya dawo, ya rame, idanunsa sun yi rauni. Gari ya cika zaurensa ana yi masa barka. Cindo ya shigo da mai jar fatar, ya durƙusa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Allah gafarta Malam, goma suna nan lafiya. Wannan kuwa na yi sakaci, iska ta watsa shi. Na haɗa yadda na iya, amma takarda ɗaya ta ɓata. Ga inda take."

Malam ya zaro littafin, fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Rubutun mahaifina, Cindo?" Cindo ya sunkuyar da kai. Malam ya kai takardar da ke gaban ƙyallen kusa da idonsa, ya daɗe. Ya ɗauki ta bayansa, ya daɗe. Sai aka ga ya ajiye, ya yi salati.

Ya ce, "Jama'a, wannan ta gaban farkon maganin ciwon cikin yara ce. Ta bayan kuwa ƙarshen maganin gyambon jaki ce, saiwoyi masu guba da ake shafawa. Ni yanzu ba na gani sosai, ɗalibi zai riƙa karanta mini. Da a ce gara ta ci kusurwar nan, ko wani ya gutsure ta ya haɗe ya yi shiru, da ya zarce da karatu, mun jiƙa mun ba ɗan wani ya sha."

Tabawa tana bayan zana tana ji. Sai ta zauna a ƙasa.

Takardar dai ba ta dawo ba, kuma Malam bai iya tuna duk abin da ke cikinta ba. Ya yi baƙin cikinta har ya mutu. Amma da ya je ya ga ɗakin, sai ya ce littattafan sun sami gida, kada a ɗaga su. Nan ya koma yana ba da karatu, ƙyallen kuma ya hana a cire.

To, jama'a, darasin a fili yake. Amana ba ita ce a ce ba ka taɓa kuskure ba, don iska tana shiga gidan kowa. Amana ita ce in giɓi ya samu a hannunka, ka nuna inda yake, ko da kai za ka ji kunya. Ku koma gida yau ku dubi littattafanku da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado, ɓera yana ɗebe musu kewa. Ku share musu wuri, ku ɗaga su daga ƙasa, ku shimfiɗa tabarmar da yaranku za su zauna su buɗe. Na aro kuma, wanda ka yaga shafinsa ka lallaɓa ka mayar, je ka faɗa wa mai shi. Kai tela, kai makanike, ke mai raino, kowannenmu yana da kusurwar da ya riƙe da yatsu biyu. Kada ka gutsure. Ba ka san ɗan wa zai sha abin da ka haɗe ba.

Allah Ya ba mu ƙarfin halin nuna giɓinmu tun muna da rai.