Ƙosan Bushiya da Mutanen Kogo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Bushiya tana suyar ƙosai a ƙarshen daji, babu mai saye, babu ko mai yi mata sallama. Rannan sai ga Aku.

Ya ce, "Baiwar Allah, ni gwanin talla ne. Ba ni ƙosan yau, in tara miki jama'a."

Ya cinye tas, ya kai ta bakin kogo, ya ƙwala kira, "Ƙosan Bushiya!" Muryoyi suka maimaita daga ciki.

Ya ce, "Kin ji masoyanki? Gobe suna tafe."

Washegari ta cika ƙwarya, ƙosai ya huce, ba kowa. Aku kuwa ya yi gaba. Sai ta gane muryarsa ce kogon ya dawo da ita.

Har yanzu takan je bakin kogon ta yi sallama. Ko ba komai, a can ana amsa mata.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.